Yadda Masu Ƙera Manhaja Ke Nazarin Mai Amfani da Ita: Darasi Daga Kwaciri da Sabon Gari

Gabatarwa

A farkon shekarar 2023 an yi ƙarancin takardun naira a faɗin Nijeriya, sakamakon canjin kuɗin da Babban Bankin ƙasa ya yi shelarsa a watan Oktoba na 2022. Cikin 'yan makonni, mai shayi da mahauci da mai sayar da hatsi a Kano suka koma karɓar kuɗi ta wayar hannu, ko suna so ko ba sa so. A lokacin ne jama'a da dama suka lura cewa manhajojin tura kuɗi ba ɗaya suke ba. Akwai wadda dattijo zai kama aiki da ita tun ranar farko ba tare da an nuna masa ba, akwai kuma wadda sai ya kira ɗansa a kowane ciniki, yana fargabar kada ya ƙara sifiri ɗaya ya aika da naira 50,000 maimakon 5,000.

Manhaja ita ce jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya domin ta gudanar da wani aiki. Bambancin da ke tsakanin mai sauƙi da mai wahala galibi yana samo asali ne daga wani aiki da jama'a ba sa gani, watau binciken mai amfani. Wannan shi ne nazarin mutumin da zai riƙe wayar: abin da yake son cim ma, da yanayin da yake ciki, da inda yake tuntuɓe. Donald Norman, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, yana cikin waɗanda suka fito da martabar wannan fanni, musamman bayan da ya kama aiki da kamfanin Apple a 1993. Ɗalibin ilimin halittu zai ga cewa da yawa daga cikin dabarun fannin ba baƙi ba ne gare shi, domin tushensu ɗaya da na nazarin kowace halitta mai rai.

Tsarin Ajayil

A da, akan ƙera manhaja ne kamar yadda ake gina gada. Za a rubuta dukkan buƙatu a takarda, a yi zane, a shafe shekara ɗaya ko biyu ana gini, sannan a miƙa wa mai ita. Sau da yawa a ranar miƙawar ce ake gano cewa abin da aka gina ba shi ake bukata ba, alhali kuɗi sun riga sun ƙare.

A watan Fabrairu na 2001, masana manhaja 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa wadda ta haifar da tsarin da ake kira Ajayil. Ma'anar kalmar ita ce zafin nama da saurin juyawa. Manufar tsarin ita ce a riƙa gina manhaja kaɗan-kaɗan, ana nunawa, ana gyarawa. Salon da ya fi shahara a cikinsa shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, suka kuma aro sunansa daga wasan zari-ruga, inda 'yan wasa ke haɗa kai su tura gaba tare. A wannan salo, ƙaramin ayari na ma'aikata yana raba tafiyarsa zango-zango. Kowane zango ba ya wuce wata ɗaya, yawanci ma mako biyu ne. Kullum ana ganawar minti 15, a ƙarshen zango kuma dole a nuna wani abu da ke aiki. Kalmar zango ta dace ƙwarai, musamman ga mutanen Fagge, wadda asalinta masaukin fatake ce a wajen ganuwar Kano.

Sai dai akwai wani giɓi. Sanarwar 2001 ta fi ba da ƙarfi ga mai sayen manhaja, watau wanda ke biyan kuɗin aikin. A cikin ƙa'idojinta 12, sau ɗaya kacal aka ambaci masu amfani. Mai saye kuwa sau da yawa daban yake da mai amfani. Banki ne ke biya, mai kanti ne ke latsawa. Ma'aikatar lafiya ce ke sa hannu a kwangila, jami'ar rigakafi ce ke riƙe wayar a rana tsaka. Ayari zai iya gudu zango bayan zango, mai saye yana ta yabo, alhali an kauce wa hanya tun farko.

A je a gani a muhallinsa

Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch, ya shafe shekaru yana zama kusa da sheƙunan tsuntsayen bakin teku yana rubuta abin da suke yi. Dalilinsa shi ne, tsuntsun da ke cikin keji ba ya nuna dukkan ɗabi'unsa. Haka ɗan Adam yake. In aka kira mai kanti zuwa ofis mai sanyi aka tambaye shi yadda yake rubuta bashi, zai faɗi yadda ya kamata a yi, ko yadda yake zaton yana yi. Ba ƙarya yake ba. Abin da hannu ya saba da shi, baki ba ya tuna shi.

Saboda haka Karen Holtzblatt da Hugh Beyer, a littafin da suka wallafa a 1998, suka ba da shawarar mai bincike ya je wurin aikin mutum ya zauna a matsayin mai koyon sana'a, kamar dai yaron kanti a gaban maigidansa. Yana kallo, yana tambaya a kan abin da ya faru yanzun nan, ba ya koyarwa.

A ɗauka, alal misali, wani ayari yana son ƙera manhajar rubuta bashi domin masu ƙananan kantuna a Kwaciri, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Fagge. A zanen farko, wanda aka yi a ofis, akwai gurbin sunan farko da sunan mahaifi, da gurbin nauyin kaya a kilo, da kalandar zaɓen ranar biya. Duk mai hankali zai ce zanen ya yi. Amma wanda ya wuni ɗaya a kan bencin kanti zai ga wani abu daban. A littafin mai kanti, abokin ciniki sunansa "mai shayin bakin masallaci" ko "maman 'yan biyu". Ana auna shinkafa da kwano ko gwangwani, ana sayen taliya da katan. Ranar biya kuwa ita ce "in an yi albashi" ko "bayan salla". Wani da ajami yake rubutu, wani kuma ba ya rubutu sam, ya fi son ya aika da saƙon murya. Hannun mai kanti da maiƙon manja, allon wayarsa ya tsage, hasken rana ya dushe rubutun, ga mutum uku suna jira. Da yamma kuma wayar tana hannun ɗansa, wanda bai kamata ya ga sunayen maƙwabtan da ake bi bashi ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin bashi sirri ne, kuma manhajar da ta tona asirin magidanci sau ɗaya ta gama yawo a unguwar.

Ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ma muhallin ba iri ɗaya ba ne. Sabon Gari, wadda ta bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, tana da 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu, waɗanda da yawansu za su fi son Turanci a allon waya. Dilan atamfa a Kantin Kwari, wanda ke ba da kaya na miliyoyi ga abokin cinikin da ya zo daga Nijar ko Cadi, buƙatarsa ta sha bamban da ta mai teburin kayan miya. Akwai kuma matan aure masu sana'a a cikin gida, masu ɗinki da masu adashe, waɗanda namiji baƙo ba zai kai gare su ba. Ayarin da ba shi da mace mai bincike ya bar wani babban kaso na jama'a a waje, ko da bai sani ba.

Wajibi ne a nemi izini kafin a zauna, a kuma bayyana abin da za a yi da bayanan. Ba a ɗaukar hoton littafin bashi da sunayen mutane a ciki. Ban da ladabi, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan wasu.

Gwaji, da dokin da ya iya lissafi

Bayan an yi zane sai gwaji. Ba sai an jira manhaja ta kammala ba, ana iya zana allunan a takarda. Akan ba mutum aiki takamaimai, kamar a ce: "Maman 'yan biyu ta karɓi shinkafa kwano biyu, za ta biya ƙarshen wata, a shigar." Daga nan mai bincike ya yi shiru. Ana roƙon mai gwajin ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aiki, dabarar da Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana a 1982. Ana rubuta ko ya kammala aikin, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da inda ya yi turus. Tun farko a gaya masa cewa manhajar ake jarrabawa, in ya kasa laifinta ne.

Yin shirun nan shi ne mafi wuya, kuma ilimin halayyar dabbobi ya nuna dalili. A farkon ƙarni na 20, a birnin Balin na Jamus, an yi wani doki mai suna Hans wanda aka ce ya iya lissafi. In an tambaye shi 3 a tara da 4, sai ya buga kofato sau 7. Mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imani da haka tsakani da Allah. A 1907 Oskar Pfungst ya bayyana sakamakon gwaje-gwajensa: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, lissafi ya rushe. Ashe dokin yana lura ne da ɗan motsin kai da sakin jikin da mai tambaya ke yi, ba da saninsa ba, sa'ad da aka kai lambar da yake jira. In doki zai iya karanta fuskar mutum haka, ina ga ɗan kasuwar da ya shekara 30 yana karanta fuskar masu taya kaya? Idon mai bincike ya faɗa kan maɓalli, ko numfashinsa ya sauya, ya isa ya ba da amsa.

Matsala ta biyu ita ce kara. A 2012 Nicola Dell da abokan aikinta suka yi hira 450 a birnin Bangalore na Indiya, da ɗaliban jami'a da direbobin babur mai ƙafa uku, irin wanda ake kira A Daidaita Sahu a Kano. Sukan nuna wa mutum bidiyo a na'urori biyu iri ɗaya sak, mai tambaya ya ce ɗaya daga ciki aikinsa ce. Mutane sun fi zaɓen ta mai tambayar da kusan ninki biyu da rabi. Da mai tambayar ya zama baƙo daga ƙasar waje mai magana ta bakin tafinta, son kan ya kai ninki biyar a wurin direbobin. Ko da aka lalata hoton na'urar mai tambayar da gangan, da yawansu sun ce ita ta fi.

Duk wanda ya san zaman Hausawa ba zai yi mamakin wannan ba. Kunya da kara da girmama baƙo halaye ne na ƙwarai, amma suna gurɓata sakamakon bincike kamar yadda ƙura ke gurɓata abin da aka ɗora a madubin ƙara girma. Saurayi ya zo da abin da ya ƙera da hannunsa, ya gaida dattijo, ya ce, "Baba, yaya kuka gani?" Amsar a shirye take: "Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Addu'a ce mai kyau, sai dai ba ta gaya wa ayari ko Baba zai iya shigar da bashi ba. Maganin shi ne, wanda ya ƙera kada ya zama shi ne mai gwaji, in kuma babu makawa kada ya ce nasa ne. A fi dogara da abin da hannu ya yi a kan abin da baki ya faɗa. A kawo zane biyu ko uku, domin ya fi sauƙi mutum ya ce wannan ya fi wancan a kan ya ce wannan ba shi da kyau. Wata mai bincike a Indiya, Apala Lahiri Chavan, takan saka aikin cikin labari irin na fim: ga aure za a ɗaura bisa yaudara, ba mai hana shi sai wanda ya sayi tikitin jirgi cikin gaggawa. Da mutum ya shiga labarin sai ya manta da kara, ya fara faɗa da manhajar da ke ɓata masa lokaci. Kano, mahaifar Kannywood, ba ta rasa irin waɗannan labarai ba.

Mutum nawa suka isa?

A 1993 Jakob Nielsen da Thomas Landauer suka nuna cewa, a ayyukan da suka nazarta, mai gwaji ɗaya yakan gano kimanin kashi 31 cikin 100 na matsalolin manhaja. Ɗalibi zai iya bin lissafin da kansa. Yiwuwar mutum ɗaya ya tsallake wata matsala ita ce 0.69. Yiwuwar mutum biyu su tsallake ta duka ita ce 0.69 sau 0.69, watau 0.48, saboda haka biyu za su gano kashi 52. Uku za su gano 67, huɗu 77, biyar kuma kusan 85. Daga nan riba tana raguwa, mutum na goma yawanci maimaita abin da aka riga aka gani yake yi. A kan wannan ne Nielsen ya ba da shawara a shekarar 2000 cewa gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, ya fi gwaji ɗaya da mutum 15.

Amma a yi hattara da wannan lamba. Matsalar da ke samun mutum ɗaya cikin goma, yiwuwar biyar su ci karo da ita kashi 41 ne kawai, kuma tana iya zama ita ce mai sa a tura kuɗi inda bai kamata ba. Laura Faulkner ta gwada mutum 60 a 2003, ta riƙa zaro biyar-biyar daga cikinsu. Wani rukunin ya gano kashi 99 na matsalolin, wani kuwa 55 kacal. Har ila yau, lissafin ya ɗauka cewa mutanen iri ɗaya ne. Ɗaliban Jami'ar Bayero biyar ba za su wakilci masu kantin Kwaciri ba, kamar yadda mai ƙidayar kwaɗi a kududdufi ɗaya ba zai yi magana a kan dukkan Kogin Challawa ba. Kowane rukuni yana buƙatar nasa biyar ɗin.

Abin da yaƙi da shan inna ya nuna

Kano tana da nata misalan na zahiri. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki da gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya wajen amfani da waya a yaƙi da shan inna. Daga wajen 2012 aka fara ba ayarin masu ɗiga rigakafi wayoyi masu nuna wuri ta tauraron ɗan Adam. Ba a nemi ma'aikaciya ta latsa komai ba, ta dai riƙe wayar a jikinta. Da yamma sai a ɗora sawun a kan taswira, a ga unguwanni da rugagen da ƙafa ba ta taka ba, ko da takardar rahoto ta ce an gama. Masu manhaja ma suna da irin wannan hanya, ta ƙirga inda mutane ke latsawa da inda suke watsar da aiki. Iyakarta ɗaya ce a wuraren biyu: sawu yana nuna inda waya ta je, ba ya nuna ko ɗigo ya shiga bakin yaro, balle dalilin da ya sa aka ƙi buɗe ƙofa. Wannan sai an je an zauna da mutane.

Misali na biyu shi ne manhajar AVADAR, wadda aka fara a 2016. Cikin kusan mutum 200 da ƙwayar shan inna ta kama, ɗaya ne ke shanyewa, saboda haka duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya dole a kai rahotonsa a ɗauki bayan gidansa zuwa ɗakin gwaji. Waɗanda suka fi saurin ganin irin wannan yaro su ne masu maganin gargajiya da unguwarzoma da masu unguwa, kuma ba dukkansu ne suka yi boko ba. Maimakon fom mai tsawo, manhajar takan nuna musu gajeren bidiyo na yaro mai alamun cutar kowane mako, ta tambaya ko sun ga mai irin wannan. Amsar tana tafiya ta gajeren saƙo, ba sai da intanet ba. Zane ne na waɗanda suka san wanda zai riƙe wayar. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Jihar Kano a Sumaila a watan Yuli na 2014, aka kuma tabbatar da kawar da shi daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020.

Bincike a cikin zangon mako biyu

Saura tambayar lokaci. Ta yaya za a nemo mutane, a zauna da su, a yi zane, a gwada, a kuma gina, duk cikin kwana 14? Desirée Sy, wadda ta yi aiki da kamfanin Autodesk a Toronto, ta bayyana mafita a 2007: layi biyu masu tafiya tare. Yayin da masu rubuta manhaja ke gina abin zango na 2, mai bincike yana gwada abin da aka gina a zango na 1, yana zana na zango na 3, yana kuma tattaro bayanai domin na 4. Kafin a fara komai akwai zangon share fage, wanda a cikinsa ne ake wunin nan a bencin kanti.

Ayarin da ke aiki a Fagge zai fi samun nasara in ya tsayar da ranar gwaji tun kafin ya san abin da zai gwada, ya kuma duba kalandar gari: Juma'a da rana ba lokacin hira ba ne, Lahadi shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke, goman ƙarshe na azumi kuwa ɗan Kwari ba shi da lokacin kowa. Rahoto mai shafi 40 ba ya da amfani a nan, kafin a karanta shi zango ya wuce. Abin da ya fi tasiri shi ne a ɗauki mai rubuta manhajar da kansa a kai shi kanti, ya tsaya a gefe ya ga dattijo yana neman maɓallin da shi yake ganin a fili yake. Gani ya kori ji.

Aikin aji

Malami zai iya gudanar da wannan darasi ba tare da kwamfuta ko ɗaya ba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zana alluna huɗu na manhajar rubuta bashi a kan kwali mai girman waya, da Hausa, tare da kula da ɓ da ɗ da ƙ. A yi musayar kwalaye tsakanin rukunai, domin kada kowa ya gwada nasa. Ɗalibi ɗaya ya zama waya, yana sauya kwali duk sa'ad da aka taɓa maɓalli. Na biyu ya karanta aikin ya yi shiru, na uku ya rubuta lokaci da wuraren turus. A gwada da mutum biyar daga wani aji, ko masu sayar da abinci a bakin makaranta in sun yarda. Bayan kowane mutum a rubuta adadin sababbin matsalolin da ba a gani ba a baya, a zana jadawalinsu a takardar giraf, sannan a kwatanta lanƙwasar da aka samu da lambobin 31, 52, 67, 77 da 85.